Ɓerayen da Baba Ya Ba Ni Kiwo

Na sha wuya a Landan. Sanyin garin ya shiga ƙashina, har yau bai gama fita ba, kuma na daɗe ina cin abinci ni kaɗai ina kallon bango. Amma in aka ce in faɗi abin da ya fi gajiyar da ni, kiwon ɓera ne. Mutane suna dariya in na faɗi haka. Su yi ta yi, ba su ne suka yi kiwon ba.

Ni mutumin Gezawa ne, ban yi nisa a boko ba. Girki na koya a gidan wani ɗan kwangila a Kano. Da kuɗin mai ya sauko, Alhajin nan ya faɗa harkar siminti, ba a jima ba sai ga shi ya sayi gida a Landan, can saman Lewisham inda titi yake hawa tudu. Ya taho da ni don cikinsa ba ya karɓar abincin Turawa. Sai dai Alhaji ba mazauni ba ne. Zai zo ya ga likita, ya cika akwatuna da leshi da agoguna, ya koma. Sauran shekara daga ni sai gida. Ɗakina yana ƙarƙashin ginin, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. Na san takalman unguwar nan kafin in san fuskokin masu su.

A kasuwar Deptford na haɗu da Baba. Ina tsaye wajen mai doya sai na ji wani a bayana yana cewa da Hausa wannan doya ya ruɓe, kuma mai shi ɓarawo ne. Na waiga na ga tsoho gajere da hular ulu har kunne. Mutumin zangon Kumasi ne, tun yana saurayi ya shigo ƙasar a jirgin ruwa yana zuba wa injin gawayi, ya auri Baturiya, ya zauna. Hausarsa babu mace a ciki, kowa namiji ne, har matarsa. Da ya ji daga inda nake sai ya sa mini suna Bakano, ya ce ya san mu, mu ne masu sayar da rigar jikinmu in an taya. Na ce ni kuma na san ma'aikatan jirgi, ba a kama su da gaskiya sai sun yi mantuwa. Daga ranar muka ƙulla.

Kowace Lahadi nakan sauka Deptford, in hau bene zuwa ɗakinsa a gidajen council, wato na gwamnati. Yakan dafa shinkafa da wake irin nasu, da wani baƙin yaji mai kifi. Faranti biyu yake saukowa da su daga kanta, nasa da na matarsa wadda ta rasu kafin in san shi. A nata nake ci. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai wannan farantin da mai ajiye shi. Duk maganar da na tara a mako, ranar nake zubar da ita.

Madam, haka yake kiranta, ta yi aikin shara a wata makarantar yara, daga can ta kawo ɓerayen. Turawa suna ce musu jabil. Ba irin ɓeran ɗaki ba ne. Ƙanana ne, suna tsayawa a kan ƙafafun baya kamar masu leƙen katanga, wutsiyarsu da gashi har da ɗan tuntu a ƙarshe, ba su da wari. A akwatin gilashi irin na kifi ake sa su, a zuba garin katako su yi ta haƙa. In sun tsorata sai su riƙa buga ƙafa a ƙasa. Guda biyu ta bari, kowa da akwatinsa. Macen fara ce fat, idonta ja. Namijin launin zuma, shi ma idonsa ja. Baba ya ce farar ita ce ta hannun Madam, a aljihun rigar sanyinta take yawo.

Da kaka ta shigo tari ya kama Baba, likita ya ce garin katakon nan ne, a fitar da shi daga ɗakin. Ranar Lahadin da ya gaya mini, bai ce in taimake shi ba. Cewa ya yi zai ba ni kiwo. Na ɗauka wasa ne, sai na ga ya ɗauko goro ya ɓare. Ya ce a wajensu haihuwar fari ta mai dabba ce, ta biyu ta mai kiwo, yaya yake a wajenmu? Na ce haka uwata ta yi da akuyoyin maƙwabta. Ya ce in dabba ta mutu fa? Na ce mai kiwo ya kawo fata ko wutsiya, shaida ke nan. Ya miƙo mini ɓarin goro, ya ci ɓari. Abin da yake so ɗaya ne, farar ta tsufa, yana so ta bar 'ya'ya farare kafin ta bi mai ita.

Tun a bas da na ɗauko su zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce a raina me ya sa Madam ba ta taɓa haɗa su ba? Ko akwai abin da tsohon nan ya sani bai gaya mini ba? Da na sa su akwati ɗaya kuwa sai suka dunƙule kamar ƙwallo, gashi yana tashi, sai da na raba su da ludayi. Akwai wani kantin dabbobi a Lewisham inda nake sayen garin katako da abincinsu. Mai kantin wata Baturiya ce mai shan taba, muryarta kamar ta namiji. Ita ta ce in raba akwatin da ragar waya, in riƙa musanya musu gefe har kowa ya saba da warin ɗan'uwansa. Ta sayar mini da ragar, shi ya sa ban yarda da maganar ba sosai, amma na yi. Wata safiya na tarar sun kwanta jiki da jiki, raga a tsakani. Na cire ta, ba su sake faɗa ba.

Sanyi ya kankama lokacin da ta haihu. 'Ya'yan tsirara, jajaye kamar tsoka, kowanne da ɗigon baƙi biyu a ƙarƙashin fata inda ido zai fito. Na yi murna, har na faɗa wa Baba ya shirya karɓar rabonsa. Bayan kamar mako gashi ya fara fitowa. Na duba da safe, na duba da rana a bakin taga. Babu fari ko ɗaya. Babu mai launin zuma ko ɗaya. Dukansu launin ƙasa ne, irin ɓeran da muke tonowa a gona muna yara. Da idanunsu suka buɗe kuma, baƙaƙe ƙirin.

Ni da akuya na tashi. Jar akuya ta haifi ja, in ba ta haifi ja ba to ka nemi bunsurun maƙwabci. Don haka ban yi wata-wata ba na ce wani ne ya shiga akwatin. A sanyin shekarar nan masu kwashe shara sun ajiye aiki, buhunan shara sun taru a kowace kwana, ɓerayen garin sun yi ƙiba suna yawo da rana tsaka. Ɗakina kuma a ƙasa yake. Na toshe duk wata kafa da tsumma da siminti. Na ɗora bulo a kan murfin. Na barbaɗa fulawa kewaye da akwatin don in ga sawu, na yi kwanaki ina duba ta, sawun da na gani na silifas ɗina ne kawai. Na ɗaga wutsiyar 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, duk suna da gashi da tuntu, ba irin gwaɓjejiyar wutsiyar ɓeran shara ba. Sai na koma zargin Baba, na ce ko da cikinta ya ba ni ita. Amma ta daɗe a hannuna kafin ta haihu, lissafin bai hau ba. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi, kuma ga Lahadi tana zuwa.

Da aka yaye su na zuba su a kwalin takalmin Alhaji na kai masa. Ya riga ya sauko da faranti biyu. Ya buɗe kwalin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

“Bakano, ina nawa?”

Na ce ga su nan, haihuwar fari, ban taɓa ko ɗaya ba.

“Uwa fari, ido ja. Uba ja, ido ja. Wannan kuma ɗan wa? Ka ga na yi kama da wanda ya sauka jirgi jiya?”

Na rantse masa. Na ba shi labarin fulawa da bulo. Ya saurara yana tauna baki, ya rufe kwalin ya turo mini da yatsa. Ya ce shi bai san waɗannan ba, in tafi da su, ranar da na tuna inda na ajiye nasa in kawo. Mun ci abinci ranar, amma ban ji ɗanɗanon komai ba. Da na tashi zuwa banɗaki na ga ya bi ni da ido har na wuce ƙofar ɗakin kwanansa, inda agogon Madam yake.

Na koma da su na zuba a akwati na biyu. Da na je sayen garin katako, matar kanti ta tare ni da magana. Turancina na kasuwa ne, amma na gane abin da ta ce. Wai wani tsoho baƙi mai hular ulu ya zo, ya tsaya ya leƙa duk akwatunan da ke taga, ya tambaye ta ko wani dogon ɗan Najeriya ya kawo mata fararen 'ya'ya. Mutumin da ƙirjinsa ba ya barinsa hawa bene sai ya huta, ya shiga bas har Lewisham don ya kama ni da sata. Na tsaya riƙe da buhu.

Da ta ga yadda na yi sai ta tambaye ni me ya faru, na gaya mata da baki da hannu. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ɗebo gyaɗa da masara daga abincin ɓera ta jera a kan teburin kantin tana turawa nan da can da farce. Rabin maganar ya wuce ni. Abin da na kama shi ne, wai launin ƙasa shi ne na asali, na kakanninsu na daji, kuma sai abu biyu sun haɗu yake fita. Farar ta rasa ɗaya, mai launin zuma ya rasa ɗayan, ba abu guda suka rasa ba. Ni yadda na fassara wa kaina, ita tana da allura babu zare, shi yana da zare babu allura, ɗan da ya gaji duka biyun sai ya ɗinka rigar kakanninsa ya sa. Ta ce farin bai ɓace ba, yana kwance a cikinsu. In na bar 'ya'yan suka hayayyafa a tsakaninsu, a jikoki zai fito, ba duka ba, ɗaya nan ɗaya can.

Na dubi matar nan na dubi buhunan garin katakon da ta tara a bayanta. Wanda zai ƙara ɓeraye zai ƙara sayen gari da gyaɗa, watakila har da akwati na uku. Na ce to, na fita. A hanya na yi ta juya maganar. Yaya launi zai kwanta a cikin dabba ba a gani, kamar kaya a ƙasan adaka? Kuma wa da ƙanwa? Akuyoyi suna yi, na sani, amma ba wanda yake zama ya shirya musu. Ban raba 'ya'yan ba dai, saboda ba ni da inda zan sa su. Ban ce na yarda da ita ba.

Lahadin da ta biyo na faɗa wa Baba zancen allura da zare. Ban ce na san ya je kantin ba, shi ma bai ce ba. Ya ce wannan tatsuniya mai daɗi ce, wa ya koya mini, abokin cinikina? Haihuwa ta biyu ta zo, rabona, ita ma duk launin ƙasa. Na gaya masa. Ya ce ai dole in faɗi haka. Daga nan abubuwa suka riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Ya daina ce mini Bakano, ya koma Malam. Ya daina zagin mutanen Kano, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ɗakin kwana ya zama a kulle. Ni ma na fara lura da abubuwan da da ban damu da su ba. Me ya sa yake tambayata yaushe Alhaji zai dawo? So yake ya kai ƙarata? Na riƙa auna kowace kalma kafin in fitar.

Wajen ƙarshen sanyi farar ta mutu. Na tarar da ita da safe a kwance a gefe, namijin yana ta tura ta da hanci. Na san abin da al'ada ta ce. Na ɗauko reza na yanke wutsiyar, na naɗe a ƙyalle, na binne sauran a bayan gida ƙarƙashin wata bishiya. Ban jira Lahadi ba, a ranar na tafi.

Ya buɗe ƙyallen a kan tebur. Sai a lokacin ni ma na kalle ta da idon wanda bai gan ta kullum ba. Wutsiyar ba fara ba ce. Tun da ta zo ɗakina mai sanyi take yin duhu a hankali, daga tuntu zuwa sama, har ta koma kamar an tsoma ta a toka. Ni da nake ganinta safe da yamma ban ɗauke shi komai ba. Shi kuwa a ɗakinsa mai hitar ɗumama ɗaki ya san ta, lokacin da duhun bai wuce ɗan dishi-dishi ba.

“Wannan wutsiyan wa?”

Na ce ta farar ce.

“Shekara nawa yana aljihun Madam, ban san wutsiyan shi ba? Ka sayar da 'ya'ya, ka sayar da uwa, ka yanko na ɗan daji ka kawo mini. Ko a jirgi ba a yi mini haka ba.”

Bai ɗaga murya ba. Ya naɗe ƙyallen ya sa mini a aljihu da hannunsa. Na ce ya zo in tone masa ramin ya gani. Ya ce ƙafarsa ba ta hawa tudu. Daga baya na tambayi matar kanti, ta ce haka fararen nan suke, wutsiyarsu tana duhu da tsufa, sanyi kuma yana ƙara mata. Wa zan kai wa wannan magana? Ita ce fa wadda yake zargin na sayar wa.

Lahadin da ta biyo na je. Ya buɗe ƙofa, ya amsa sallama, ya ba ni kujera. Faranti ɗaya ne a kan tebur. Ya ce yau bai dafa da yawa ba. Na zauna kaɗan na yi masa sallama. Bayan wannan na daina zuwa. Ranakun Lahadi na koma dafa taliya a ɗakina, ina ci ina kallon ɓerayen da suka jawo mini, su kuma suna tsaye a ƙafafun baya suna kallona. Sau da yawa na yi niyyar in kwashe su in zubar a filin ciyawar da ke saman tudu. Abin da ya hana ni, haihuwar fari ba tawa ba ce, ko ya karɓa ko bai karɓa ba. Mun ci goro a kai.

Da ganye ya fara tohowa, ɗaya daga cikin matan akwati na biyu ta haihu. Na leƙa ba don ina sa ran komai ba. Sai na ga biyu daga cikin 'ya'yan ba su da ɗigon baƙin nan a wajen ido, fatar a shafe take. Na ce shi ke nan, ga abin da auren wa da ƙanwa ya jawo, makafi. Na zagi matar kanti a raina. Amma da gashi ya fara fitowa, ɗaya daga cikin biyun ya fito launin zuma kamar kakansa. Ɗayan kuwa fari tas, kamar an watsa masa gishiri. Yana kwance a tsakiyar 'yan'uwansa masu launin ƙasa, yana tsotson uwa mai launin ƙasa. Ashe ɗigon da babu, jan ido ne ba ya nunawa ta fata.

Murnata ba ta kai azahar ba. Na zauna na yi tunani irin na Baba, don a lokacin na iya shi. In na jira aka yaye farin nan na kai masa, me zai ce? Zai ce ga ɗaya daga cikin waɗanda na ɓoye, kunya ta sa na fito da shi. Ko ya ce na je kantin abokiyar cinikina na sayo. Abin da zai wanke ni shi ne zai ƙara ɗaure ni. Shaida ɗaya ce kawai ba ta sayuwa, ya ga ɗan da idonsa a rufe yana shan nonon uwar da ba fara ba. Wannan kuma ba ya jira, in suka buɗe ido suka fara cin gyaɗa, ya wuce.

Ranar Asabar na sauka Deptford. Ya rame, hular ta yi masa yawa. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya masa. Ya ce madalla, in kawo farin in ya girma, ya ga ko nawa matar taba ta rage mini. Na ce ba kawowa zan yi ba, zuwa zai yi ya gani a ƙarƙashin uwarsa, ni zan riƙe shi a tudun, ko in goya shi.

“Malam, ni na daina zuwa kallo. Wanda yake da gaskiya shi yake ɗaukar shi ya kawo.”

Ya rufe ƙofa a hankali.

Na biya ta kantin. Na tambayi matar ko ana ɗaukar uwa da jarirai a akwati a shiga bas. Ta cire taba daga baki ta ce kada in kuskura. Uwar da ta tsorata tana iya watsar da 'ya'yan, tana iya cinye su. Ta ce in jira su girma. Na duba fuskarta ina neman abin da za ta ci a wannan shawara, ban samu ba, wannan ma ya dame ni. Na koma gida da la'asar na zauna gaban akwatin. In na ɗauka, watakila in isa da uwa a ƙoshe da akwati babu fari, in zama ɓarawo kuma maƙaryaci sau uku. In na bari, farin zai rayu, ni kuma in ci gaba da cin taliya da bango.

Washegari bayan na yi sallar asuba na cire kwalbar ruwansu don kada ta zube, na ƙara musu yagaggen takarda a sheƙa, na naɗe akwatin gaba ɗaya da bargon Alhaji na ɗaure da igiyar shanya. Ban jira bas ba, girgizarsa ta fi tawa. Na rungume shi a ƙirji na gangara tudun da ƙafa, ina tafiya kamar mai ɗauke da kwanon miya cike. Ina jin uwar tana buga ƙafa ta cikin gilashi, a daidai haƙarƙarina. Na huta a kan katangu ban san sau nawa ba. Lif ɗin benen Baba ya lalace kamar kullum, na hau da ƙafa. Da goshi na buga ƙofar.

Ya buɗe, ya dubi bargon, ya matsa gefe. Na ajiye a ƙasa kusa da hita na kwance igiya. Babu kowa a fili, duk sun shige ƙarƙashin takarda. Baba ya jawo kujera, ni na zauna a ƙasa. Muka zuba wa takardar ido. Can sai takardar ta motsa, uwar ta fito da farin a bakinta. Na ce a raina shi ke nan, a gabansa za ta cinye. Ta tsaya a ƙafafun baya da shi, ta dube mu, ta ruga ɗaya kusurwar ta ajiye shi. Ta koma ta kwaso sauran ɗaya-ɗaya, ta tara su, ta kwanta a kansu. Farin ya kutsa ta ƙarƙashin cikinta ya kama nono.

Baba ya sunkuya har hancinsa ya taɓa gilashi. Ya daɗe. Sannan ya tambaye ni ko ba fulawar nan tawa na shafa masa ba. Na ce ya jira ta lashe shi ya gani. Ta lashe shi kuwa, bai canza ba.

“Uwan ya san shi,” in ji Baba. Ya yi tari ya share baki. “Wannan jika ne, uwan shi haihuwan fari ne. Nawa ne, Bakano, kar ka fara lissafi.”

Bai ba ni haƙuri ba, zancen wutsiya ma bai tayar ba, kuma na ga ɗakin kwana har yanzu a kulle yake. Na ce masa garin katakon zai tayar masa da tari, dole in koma da su. Ya ce wa ya ce yanzu, in bar uwar ta huta, shinkafa tana kan wuta. Na tashi na miƙa hannu kan kanta na sauko da farantin Madam. Ya yi ƙura. Na kai shi famfo na wanke da kaina, na ajiye kusa da nasa.